Jiyyar Baƙin Ciki Ta Hanyar Zance: Me Ke Sa Ta Yi Wa Matasa Amfani?

 

Darasin wannan mako ya shafi wata lalura ce da take shiga gidaje da yawa ba tare da an san sunanta ba. Yaro ne ko yarinya, ɗan shekara 14 ko 16, wanda aka sani da fara'a da son karatu da shiga cikin tsara, sai a wayi gari ya sauya. Ya daina fita, abinci sai an matsa masa, barci ko dai ya ƙaurace masa ko kuwa ya yi masa yawa, ƙwallon da a da ake dukansa a kanta yanzu ko kallonta ba ya yi, magana kaɗan sai ya harzuƙa. A nan ne mutanen gida kan rarrabu. Uba ya ce lalaci ne. Uwa ta ce sammu ne ko shafar aljanu. Malamin makaranta ya ce taurin kai ne irin na tashen balaga. Wani kuwa ya yanke hukunci ya ce raunin imani ne, da yana yin salla yadda ya kamata da bai shiga wannan hali ba.

Likitoci suna kiran wannan lalura ciwon damuwa mai tsanani, Larabawan zamani kuwa suna ce mata ikti'abi. Abin da ya raba ta da ɓacin rai na yau da kullum shi ne daɗewa da nauyi: baƙin ciki ko rashin jin daɗin kome, kusan dukan yini, kusan kullum, har mako 2 ko fiye, tare da kasala, da rashin natsuwa wajen karatu, da ganin kai ba a bakin kome ba, wani lokaci har da tunanin mutuwa. Ga matasa ta fi fitowa da siffar fushi da ƙosawa, shi ya sa ake yawan ɗaukar ta rashin kunya. Bayan balaga takan sami 'yan mata kusan ninki biyu na yadda take samun samari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar tunani, kuma wannan ciwo yana cikin manyansu.

Amma zancen raunin imani, to, lalle ne a kawar da shi tun da fari, domin kuwa muddin yana nan babu yaron da zai buɗe baki. Suratu Yusuf ta ba da labarin Annabi Yaƙubu (A.S.), yadda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai idanunsa suka yi fari, alhali kuwa Annabi ne ɗan Annabi. Akwai kalmomi biyu a wannan wuri da ya kamata ɗalibin Larabci ya tsaya a kansu. Ta farko ita ce “kazim”, watau wanda ya cika fal da baƙin ciki ya haɗiye shi, kamar salkar da aka cika aka ɗaure bakinta. Ta biyu ita ce “bassu”, wadda asalinta yaɗawa ne da watsawa. Masana lugga suka ce baƙin ciki ne wanda ya tsananta har mai shi ba ya iya riƙe shi, sai ya fitar da shi. Ashe ke nan ita kanta kalmar tana nuna akwai damuwar da sai an faɗe ta. Shi kuwa Manzon Allah (S.A.W.), shekara ta 10 bayan aiko shi, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta, malaman tarihi suna kiran ta Shekarar Baƙin Ciki. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa damuwa da baƙin ciki suna cikin abubuwan da ake kankare wa Musulmi zunubai da su, an jera su tare da gajiya da rashin lafiya da sukar ƙaya.

Wani zai ce ai Annabi Yaƙubu ga Allah ya kai kukansa, saboda haka kai kuka ga mutum ya saɓa wa haƙuri. Ibnul Ƙayyim ya warware wannan a littafinsa Uddatus Sabirin, inda ya bambance ƙorafi na nuna rashin yarda da ƙaddara, da kuma gaya wa wani halin da ake ciki don neman taimako ko shiriya, kamar yadda majiyyaci yake gaya wa likita inda ke yi masa ciwo. Na biyun ba ya taɓa haƙuri ko kaɗan.

Jiyya da zance kuwa ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Abu Zaid Albalkhi, ɗalibin Alkindi a Bagadaza, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, watau 934 Miladiyya, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, ya keɓe rabinsa na biyu ga cututtukan rai: fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi. Ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda aka san dalilinsa kamar rashin masoyi ko hasarar dukiya, da wanda yake faɗo wa mutum ba gaira ba dalili, ya danganta na biyun da yanayin jiki, ya ce yana bukatar maganin jiki tare da hira da abokan zama na gari. Ya yi nasiha da mutum ya tanadi kyawawan tunane-tunane a lokacin da yake cikin natsuwa, yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar lalura. Kana ya lura da wani abu muhimmi, cewa nasihar da ta zo daga wani ta fi shiga, domin wanda damuwa ta rufe ba ya iya yi wa kansa jagora, kamar dai likitan da ya kwanta ciwo, shi ma sai an kira masa wani likitan. Marigayi Farfesa Malik Badri, mutumin Sudan, ya fassara wannan sashe zuwa Turanci, aka buga shi a 2013.

A wannan zamani hanyoyi biyu ne suka fi shahara. Ta farko ita ce wadda Dokta Aaron Beck na Amurka ya assasa a shekarun 1960, bayan ya lura cewa mai wannan ciwo yana kallon abu uku da baƙin tabarau: kansa, da duniyar da yake ciki, da abin da zai zo nan gaba. Aikin mai jiyya shi ne ya taimake shi ya kama irin waɗannan tunane-tunane, ya auna su da hujja, ya kuma koma ga ayyukan da ya watsar. Ta biyu ita ce hanyar gyaran mu'amala, wadda Gerald Klerman da Myrna Weissman suka tsara a shekarun 1970, daga baya Laura Mufson ta daidaita ta ga matasa. Ita wannan tana duban abin da ya faru ne tsakanin yaro da mutanensa: rasuwa, ko saɓani da iyaye, ko sauyin rayuwa kamar mutuwar auren iyaye da komawa riƙon wani, ko kaɗaici. Kowacce daga cikinsu zama ne na kimanin sa'a guda, sau ɗaya a mako, na tsawon wata 3 ko 4.

To, yaya ƙarfin wannan magani yake in an auna shi? Gaskiya ita ce matsakaici ne, kuma faɗin haka ya fi alheri a kan cika baki. A wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2004, an raba matasa 439 masu shekara 12 zuwa 17 gida huɗu. Bayan mako 12, waɗanda aka haɗa wa zance da ƙwayar magani mai suna fuloksetin kashi 71 cikin 100 suka sami sauƙi. Masu ƙwaya kaɗai kashi 61. Masu zance kaɗai kashi 43. Waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta kashi 35. Da an tsaya nan da sai a ce zance bai taka rawar gani ba. Amma da aka kai mako 36 sai masu zance kaɗai suka kamo masu ƙwaya kaɗai, kowannensu kashi 81, masu haɗin biyu kuwa kashi 86. Daɗa kuma, yunƙuri ko tunanin hallaka kai ya fi ƙaranci ga waɗanda suka sami zance. Zance dai ba ya sauri, kuma iyayen da suka janye ɗansu bayan zama 3 don ba su ga sauyi ba sun yi girbi ne kafin hatsi ya nuna.

Bincike na biyu ya fi ba da mamaki. A Ingila, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ian Goodyer na Jami'ar Kambirij, an bi diddigin matasa 465 masu shekara 11 zuwa 17, aka buga sakamakon a 2017. Wasu an yi musu hanyar Beck, wasu hanyar zurfafa binciken abin da ke ɓoye a rai, wasu kuwa taƙaitacciyar hanya ce kawai ta saurare, da bayanin ciwon, da shawara a kan barci da makaranta da abokai. Bayan mako 86 sai aka tarar babu wadda ta fi wata. Kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka sake dubawa sun fita daga ciwon. Ya kamata a lura cewa a wannan bincike babu rukunin da aka bari ba jiyya, saboda haka wani ɓangare na sauƙin na iya zama na wucewar lokaci ne. Duk da haka tambaya ta taso: in hanyoyi uku masu bambancin aƙida sun kai wuri guda, mene ne suka yi tarayya a cikinsa?

Abu na farko da masana suka nuna shi ne dangantakar da ke ƙulluwa tsakanin yaro da mai jiyya. Edward Bordin ya fayyace ta a 1979 da cewa igiya ce mai tufka uku: amincewar juna, da yarda a kan inda aka nufa, da yarda a kan aikin da za a yi don a kai can. Ga matashi tufkar farko ita ce mai wuya, saboda babba da ƙafarsa yake zuwa wurin likita, shi kuwa yaro kawo shi ake yi, sau da yawa bayan an yi masa faɗa, an yi masa wa'azi, wataƙila har an doke shi. Yana shiga ɗakin ne da zaton ga wani babban kuma da zai gaya masa laifinsa. Ranar da ya gane wannan mutum sauraro ya zo yi, ran nan jiyya ta fara.

Duk wanda ya karanci Sira ya san wannan fanni yana da Malami. Utba ɗan Rabi'a ya zo wa Manzon Allah (S.A.W.) da tayin dukiya da sarauta don ya bar kiran da yake yi, zance ne na ɓata tun daga farkonsa, amma bai katse shi ba har ya kai aya, sa'an nan ya kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi ko ya gama, kana ya ba shi amsa. In haka aka saurari abokin gaba, ina ga ɗan cikin mutum? Imamu Ahmad kuma ya ruwaito daga Abu Umama labarin saurayin da ya zo neman a yi masa izinin zina. Mutanen da ke wurin suka yi ca a kansa suna tsawatarwa. Annabi (S.A.W.) ya ce ya matso, ya matso ya zauna. Sai ya shiga tambayarsa ɗaya bayan ɗaya, ko zai so a yi haka da mahaifiyarsa, da 'yarsa, da 'yar'uwarsa, da goggonsa, da innarsa, kowane karo saurayin da bakinsa yake cewa a'a. A ƙarshe ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a. A duba tsarin: an kusanto da shi, an zaunar da shi, ba a kunyata shi a kan abin da ya fito daga bakinsa ba, kuma an bar shi ya kai ga amsa da hankalinsa. Masu bin hanyar Beck ma da tambaya suke aiki, domin amsar da yaro ya gano da kansa ita ce take zama tasa.

Akwai kuma Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda ɗan tsuntsun da yake wasa da shi ya mutu. Annabi (S.A.W.) ya gan shi cikin damuwa, ya tambayi dalili, sa'an nan ya riƙa tambayarsa labarin tsuntsun cikin raha. Wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya ciro fa'idodi 60 daga wannan ɗan gajeren hadisi, kamar yadda Ibnu Hajar ya kawo a Fathul Bari. Fa'idar da ta shafi wannan darasi ita ce ba a auna damuwar yaro da ma'aunin babba. Faɗuwa jarrabawa, ko ƙawar da ta juya baya, ko ba'ar da aka yi wa yarinya a gaban aji saboda ƙurajen fuskarta, ga uban da ke fafutukar cefane ba kome ba ne, ga mai shekara 15 kuwa duniya ce ta rushe. Da zarar an ce masa “wannan ɗan abin ne ya dame ka?” to, an rufe ƙofa.

Tufka ta biyu, watau yarda a kan inda aka nufa, ita ma ana yawan saɓa mata. Uba yana so maki ya dawo, uwa tana so a daina kulle ɗaki, shi kuwa yaro abin da yake so shi ne ya sami barci, ko ya shirya da abokinsa. Gwanin mai jiyya daga bukatar yaro yake farawa. A binciken nan na Ingila fiye da kashi ɗaya cikin uku sun bar jiyya kafin lokacin da aka tsara, kuma da aka bi sawunsu sai aka tarar ba iri ɗaya ba ne: wasu sun tafi ne don ba su gamsu da mai jiyya ko hanyarsa ba, wasu don suna ganin sun riga sun sami abin da suke bukata, wasu kuwa rikicin rayuwa ne ya hana su zuwa. Na farkon ana iya riƙe su da abu mai sauƙi, a riƙa tambayarsu lokaci lokaci ko zaman yana yi musu amfani, a kuma karɓi amsar ko da ba ta yi daɗi ba.

Sai amana. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa in mutum ya yi magana sa'an nan ya waiga, to, maganar ta zama amana. Matashi kullum a waige yake. In abin da ya faɗa wa malami da safe ya tarar da shi a bakin goggo da yamma, ba zai sake faɗin kome ba, ba ga malamin ba, ba ga wani ba. Saboda haka ƙa'idar masu wannan aiki ita ce a gaya wa yaro tun zaman farko cewa asirinsa a rufe yake, ban da abu guda: in ransa ko ran wani yana cikin haɗari, ko kuwa ana cutar da shi, to, za a sanar da wanda zai kāre shi, kuma da saninsa za a yi. Iyaye kan ji zafin a ce ɗansu yana da zancen da ba su sani ba. Sai su yi haƙuri, domin wannan ɗan sirri shi ne kuɗin magani.

Yadda ake warware baƙin tunani kuwa, akwai abin koyi a wurin Nana Khadija (R.A.), ko da yake abin da ya sami Annabi (S.A.W.) a ranar firgita ce ta farkon wahayi, ba ciwo ba. Kamar yadda ya zo a farkon Bukhari, ta lulluɓe shi har ya natsu, ta saurari labarin, kuma da ya ce yana tsoro a kan kansa ba ta tsaya a kan lallashi kawai ba, sai ta kawo hujjoji daga rayuwarsa waɗanda shi ma ya san su: sada zumunci, da ɗaukar nauyin gajiyayye, da girmama baƙo, da taimako a lokacin masifa. A ɗauka misali yaro ne ya faɗi jarrabawar gama sakandare, yana cewa, “Malam, ni ba ni da wani amfani, hasara kawai nake jawo wa Baba.” In aka ce masa, “Haba, kai yaron kirki ne,” ba zai yarda ba, zai ɗauka daɗin baki ne. Amma a tambaye shi, “Darasi nawa ka faɗi, nawa ka ci?” Ya ce ya faɗi 2, ya ci 6. “Wa ya yi jinyar Baba lokacin da ya kwanta?” Ya ce shi ne. “Da abokinka ne ya faɗi darasi 2, za ka ce masa ba shi da amfani?” A nan yaro kan yi shiru. Haka ake yi mako bayan mako, har ya koyi yi wa kansa irin waɗannan tambayoyi ba tare da kowa ba, wanda shi ne tanadin da Albalkhi ya yi magana a kai.

Zance kaɗai a ɗaki ba ya isa sai an haɗa da aiki. Ciwon yana sa mutum ya janye, janyewa tana ƙara ciwon, haka abin yake kewayawa. Mai ciwo jira yake ya ji daɗi kafin ya motsa, masu jiyya kuwa sun gano sau da yawa motsin ne ke fara zuwa, jin daɗin ya biyo baya. Sai a tsara ƙananan ayyuka tare da yaro, gwargwadon abin da zai iya: wanka da safe, tafiyar minti 10, gaida kaka, salla guda ɗaya cikin jam'i, ajiye waya awa guda kafin barci. Ƙanƙantar aikin ita ce dabarar, domin in aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ya kasa, an ƙara masa hujja ke nan a kan kansa. Abin lura ne a addu'ar da Anas ya ce Annabi (S.A.W.) yana yawaita ta, an haɗa neman tsari daga damuwa da baƙin ciki tare da neman tsari daga gajiyawa da kasala.

A nan ya wajaba a ja kunnen masu wa'azi. Addini ga mai wannan ciwo yana iya zama inuwa, kuma mugun hannu yana iya mayar da shi bulala. Yaron da ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ɓatacce ne, in aka cika shi da ayoyin azaba da zancen munafunci saboda ya makara sallar Asuba, an tura mota ne a gangare. Bukatarsa ita ce ayoyin rahama, da labarin waɗanda aka jarraba suka fita, kuma kaɗan kaɗan. Abdullahi ɗan Mas'ud ran Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi, da aka nemi ya yi kullum ya ƙi, ya ce Annabi (S.A.W.) ma yana zaɓar musu lokaci don gudun su ƙosa. Ruƙiyya da ayoyin Alƙur'ani halal ce kuma ba ta hana zuwa asibiti. Amma duka, da ɗaure yaro, da tsare shi da hayaƙi da sunan fitar da aljani, wannan zalunci ne.

Iyaye suna da babban rabo a cikin nasara ko akasinta. Su ne masu kai yaro, su ne masu biyan kuɗin mota, kuma gidansu yake komawa bayan sa'a guda. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya nuna cewa iyaye mata masu wannan ciwo, in suka warke, 'ya'yansu ma lalurarsu takan ragu. Saboda haka wani lokaci mai jiyya yakan duba yaro ya ga uwar ce ma take bukatar a saurare ta. A ƙasar Hausa kuma akwai kunya tsakanin ɗa da mahaifi, balle ɗan fari wanda ko sunansa ba a kira. Wannan al'ada ce mai kyau a wurinta, sai dai tana nufin da wuya yaro ya zauna gaban ubansa ya ce, “Baba, na gaji da rayuwa.” Amma al'adar da ta rufe wannan ƙofa ita ce ta buɗe wata. Akwai kaka, wadda wasan jika ya ba ta damar jin abin da uwa ba za ta ji ba. Akwai kawu, da goggo, da yaya, da malamin Islamiyya. Uba mai hikima yakan duba wa ɗansa ya fi sakewa da shi, ya wakilta shi, ba tare da kishi ba. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane darajar dangi tun 1954, lokacin da ya fara saukar da majiyyata a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowanne tare da ɗan'uwansa mai jinya.

Ƙarancin ƙwararru ba ya nufin a naɗe hannu. A arewacin Yuganda, a sansanonin 'yan gudun hijira kusa da Gulu, an horar da mutanen yankin suka gudanar da zaman gyaran mu'amala cikin rukuni ga matasa masu shekara 14 zuwa 17, sau ɗaya a mako har mako 16. Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna 'yan mata sun sami sauƙi a bayyane, samari kuwa nasu bai kai a tabbatar ba, kuma rukunin da aka ba wasanni kaɗai ciwonsu bai ragu fiye da na masu jira ba. Wannan darasi ne ga masu aiki a sansanonin Borno da Zamfara, cewa raba ƙwallo yana da kyau amma ba ya maye gurbin zama mai tsari. A Ibadan ma, Dokta Tolulope Bella-Awusah da abokan aikinta sun gwada zama 5 na rukuni a makarantar sakandare, da ɗalibai 40, suka buga sakamakon a 2016, inda waɗanda suka halarta suka fi masu jira samun sauƙi. Adadin kaɗan ne, amma ya nuna abin yana yiwuwa a cikin aji na gwamnati.

Sai dai kowane mai taimako ya san iyakarsa. Nana Khadija, bayan duk abin da ta faɗa, ɗaukar Annabi (S.A.W.) ta yi ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal, wanda yake da sanin da ba ta da shi. In ciwo ya tsananta, yaro ya daina ci, ko ya daina magana, ko yana jin muryoyi, ko an yi wata 2 ana zama babu sauyi, to, aikin likita ne, kuma mai yiwuwa sai an haɗa da ƙwaya. Ƙwayar kuwa ba a sayen ta a kemis da ka, domin tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi cewa a makonnin farko tana iya ƙara wa wasu matasa tunanin hallaka kai, saboda haka sai da sa idon likita, kuma ba a yanke ta farat ɗaya. Akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa. Zuwa can ba shaidar hauka ba ne, kuma tun Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta tanadi haƙƙoƙin majiyyaci.

In kuwa yaro ya furta cewa gara ya mutu, ko ya fara rabar da kayansa, ko yana neman gafarar mutane ba dalili, kada a ce neman suna ne, kuma kada a wadatu da gaya masa haramun ne, domin ya sani. A tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya tabbatar tambayar ba ta dasa tunanin, hasali ma takan sauke masa nauyi. A kwashe fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari da ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a sa wani ya kwana tare da shi, a kai shi asibiti a ranar, ba sai an jira hutun makaranta ko ƙarshen wata ba.